Maraɗi ko Damagaram: Ina Za Ka Kai Baƙonka Ya Ga Tsohon Gari?

Duk wanda yake saukar baƙi a Maraɗi ya san tambayar da ke biyo bayan an ci an sha an huta: "To, ina tsohon garin naku yake?" Tambayar nan ita ke gaban malamin lakkwal da yake son fita da ɗalibai su ga tarihin da suke kwafa daga allo, ita ce kuma gaban magidancin da ya sami hutun kwana biyu yana neman inda zai kai ƴaƴansa. Zaɓin mutumin Maraɗi kusan kullum biyu ne. Ko dai ya tsaya gida ya zaga fada da unguwannin da ke kewaye da ita, ya ƙara da Tsibirin Gobir, ko kuma ya kama hanyar gabas zuwa Birnin Damagaram. Akwai Katsina ma, amma sha'aninta daban ne, sai can gaba.

Wuraren nan biyu ba abu ɗaya suke nunawa ba, kuma wanda ya je neman abin wannan a wancan zai dawo yana cewa an ɓata masa lokaci. A Damagaram ido ne ke aiki, domin ginin yana nan tsaye. A Maraɗi kunne ne ke aiki, domin tarihin yana bakin dattawa, da sunayen unguwanni, da tsarin sarauta.

Dalilin da ya sa Maraɗi ba ta da tsohon gini

Garin da Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a ciki, bayan tsohon gidan sarautar Katsina, zuriyar Korau, ya bar birnin a farkon ƙarni na 19 sakamakon jihadi, ba a kan wannan tudun da muke zaune yake ba. A cikin fadama yake, bakin Gulbi, wato kogin Maraɗi. Daga can ne Sarki Ɗan Baskore ya riƙa fita yaƙi har sunan Maraɗi ya zaga ƙasar Hausa. A damanar 1945 Gulbi ya cika ya tumbatsa ya ci garin, ginin ƙasa kuwa ba ya jayayya da ruwa. Aka hau tudu. Mahukuntan Faransa na lokacin suka shata sabon gari da tituna masu faɗi, miƙaƙƙu, unguwanni kuma suka hau da sunayensu: Bagalam, Mokoyo, Maraɗawa, Limanci, Ɗan Gulbi, Ƴandaka. Shi ya sa da wuya ka ga gini a cikinsu da ya girmi 1945, shi ya sa kuma babu irin lungunan nan masu murɗiya da aka saba gani a tsofaffin birane.

Faɗa wa baƙonka wannan tun kafin ku fita ƙofar gida. Mafi yawan zagayen Maraɗi da ke lalacewa a nan suke lalacewa: an ɗora wa mutum tsammanin ganin ganuwa da soraye masu shekara ɗari biyu, ya zo ya tarar da titi da shaguna.

Zagayen da ke da ma'ana daga filin Ɗan Kasawa yake farawa, a ƙofar fadar Sarkin Katsinar Maraɗi, da sassafe kafin rana ta ɗaga. Kada ku faɗa fada ba sanarwa. Kwana ɗaya kafin nan a je a gaida dogarai, a faɗi ko su wa za su zo da yawansu, a nemi a haɗa ku da dattijon da ya san jerin sarakuna. Wannan mataki shi ne rabin tafiyar. Idan babu mai bayani, minti goma ya isa a kalli fuskar fada da masallaci a ce an gama. Idan akwai shi, sai ku shafe awa biyu ba ku ji ba, yana warware muku wane ne Ƙaura, wane ne Durɓi, wane ne Galadima da Ƴandaka, manyan nan huɗu da zaɓen sarki ke hannunsu, da matsayin Iya a kan al'amuran mata. A nan ne yaro ke fahimtar dalilin da ya sa sarkin da ke zaune a Maraɗi ake kiransa Sarkin Katsina.

Daga fada ku bi ta cikin unguwanni da ƙafa, ku nufi yamma har bakin tudu. Wannan ne wurin da ya fi ko'ina daraja a zagayen, ko da yake babu allo ko alama. Ka tsaya sama ka leƙa fadama, ka ga lambuna da itatuwan mangwaro da gonaki a inda gari ya taɓa zama, ka ga tazarar da ke tsakanin inda kake da inda ruwa ke bi. Mutum ba ya buƙatar dogon bayani kan 1945 idan ya tsaya nan. Gulbin kansa daga Najeriya yake shigowa, ya ratsa ta wajen Madarumfa da Jiratawa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya. Da rani busasshe ne, yashi ne kawai, ana tsallake shi da ƙafa.

Sauran wunin na kasuwa ne. Litinin da Juma'a su ne ranakun cinta, kuma wanda bai shiga babbar kasuwar Maraɗi ba bai ga abin da ya gina garin bayan ambaliya ba: gyaɗa da farko, sannan fatauci da Najeriya, wanda ya haifar da alhazan da ake labari. Ga mai rakiyar yara Litinin ta fi, domin ranar Juma'a daga wajen sha biyun rana hanyoyin da ke kusa da masallatai na cushewa, ƴan kasuwa kuma hankalinsu ya koma kan salla. Amma in fada ce abin da aka fi so a gani, Juma'ar ce ta fi, saboda ranar masu sarauta ke taruwa gaisuwa.

Abin hawa a cikin gari ba matsala ba ne. Tsakanin fada da bakin tudu ƙafa ta fi, tunda a tafe ake gaisawa da mutane ana tambaya. Daga nan zuwa kasuwa, mutum ɗaya ko biyu su hau kabu-kabu, iyali kuwa su ɗauki adaidaita su yi ciniki na awa, kada su yi na kowace sauka, don in ba haka ba kowane tsayawa sabon ciniki ne. Ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa kan kafe a yashin wasu layuka na tsofaffin unguwanni, musamman wajen gangara.

Tsibiri tana da nisan kilomita goma sha wani abu a kan hanyar Yamai, kuma ita ce ke cika zagayen. Bayan faɗuwar Alƙalawa, tsohuwar hedikwatar Gobir, a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, a nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa sabuwar hedikwatar Gobirawa. Fada biyu na manyan daulolin Hausa biyu, tafiyar ƙasa da rabin awa tsakaninsu, abu ne da ba ko'ina ake samunsa ba. A can za a yi muku bayanin Taran Gobir, wato manyan fadar su tara, da sarautar Inna, ku kwatanta da abin da kuka ji da safe. Laraba ce kasuwar Tsibiri. Tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa kuwa a ware musu rana daban, a tafi da safe a dawo da rana tsaka, kuma a tambayi mutanen yankin halin hanya kafin a tashi, don kudancin jihar Maraɗi ya sha fama da ɓarayin daji a shekarun nan.

Damagaram

Tsakanin Maraɗi da Damagaram kilomita kusan 240 ne a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, ta Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa da Takeita. A lissafa awa huɗu, da tsayawar shingayen jandarma da ƴan sanda. Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Malamin da ya ɗebo ɗalibai ya riƙe takardar izinin makaranta da jerin sunayen yaran, kwafi biyu ko uku, in ba haka ba shinge ɗaya na iya cinye masa awa guda. Baƙon da ba ɗan ƙasa ba, balle Bature, sai an fara tuntuɓar hukuma kan ƙa'idar tafiyarsa kafin a saya masa tikiti.

Manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo sun fi kwanciyar hankali kuma suna da lokacin tashi, sai dai waɗanda suka taso daga Yamai ba sa isowa Maraɗi sai rana ta yi nisa, su shiga Damagaram da dare. A tambayi wadda ke tashi daga Maraɗi da safe. Ƙananan motocin tasha ba sa tashi sai sun cika, kuma cikar tasu ba irin taka ba ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce za a je a dawo a wuni ɗaya. Awa takwas ke nan a hanya, a isa Birni, unguwar fadar sarki, daidai lokacin da rana ta take, kowa ya shige gida, a zaga a gurguje a juyo cikin duhu. Wanda ba shi da halin kwana ya haƙura da Damagaram har sai ya samu.

Wanda ya kwana kuwa zai ga abin da babu kamarsa a duk tsakiyar Nijar. Garin kashi uku ne a tarihi: Birni, inda sarki da talakawansa suke, Zango, inda ayarin Buzaye da fatake ke sauka, da sabon garin da ya tashi tsakaninsu zamanin Turawa. Birni na zaune a cikin manyan duwatsu, wasu gidajen ma jikin dutse aka jingina su, lunguna kuma na karkacewa yadda duwatsun suka ba da hanya. Fadar Sarkin Damagaram mai bene tun tsakiyar ƙarni na 19 take, zamanin Tanimu, sarkin da ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa aka riƙa ƙera igwa a cikin garin, ya mai da Damagaram babbar mashigar fataucin Sahara tsakanin Kano da Tarabulus. Ganuwar yanzu sai ɗan abin da ya saura. Fadar kuwa tana aiki, ana zaman shari'a da sulhu a cikinta, dogarai na bakin ƙofa cikin jajayen kayansu, kuma ana shigar da masu ziyara wasu sassanta idan sun nemi izini.

A nan ma tarihin shigowar Faransa yana da wurin da za a nuna da yatsa. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojojin Faransa suka ci garin bayan yaƙin Tirmini. Suka gina barikinsu a kan dutse yana kallon Birni, garin kuma ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. Barikin har yanzu wurin soja ne. A kalle shi daga nesa, kada a ɗaga waya a wajensa, kuma a gargaɗi yara tun a mota, don hoto guda na iya jawo ƙwace waya da dogon bayani.

Abin da ya cancanci a ba shi lokaci sosai shi ne fuskokin gidaje. Maginan Damagaram da tubali suke ɗora bango, wato curin ƙasa mai kai kamar ƙwai da aka shanya a rana, su yi rufi da azarar giginya, su fitar da zanko a kusurwoyin soro, su sa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. Sannan a yi yaɓe, a fitar da zane a jikinsa tun yana ɗanye, wani a tona shi ciki, wani a tayar da shi sama, wani a bi shi da launi. Yaɓen gargajiya da makuba ake ƙarfafa shi, ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke sa ruwan sama ya zame. Ku lura da gidajen da aka shafe da siminti: siminti ba ya kama ƙasa da kyau, damshi na taruwa a bayansa, bayan ƴan damuna sai ya ɓamɓaro falle guda ya tafi da zanen. Da wannan, da tsadar gyara kowace shekara, da sha'awar bulo da kwano, gidaje masu zane suna raguwa. Nijar ta sa Birni da fadar a jerin wuraren da ta gabatar wa UNESCO tun 2006, amma takarda ba ta yaɓe bango. Duk wanda ke da niyyar kai ƴaƴansa, kada ya yi ta ɗagawa.

Lokacin kallon zane shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar. Hasken da ke zuwa a karkace shi ke fitar da inuwar zanen. Da tsakar rana bangon da ya fi kowane kyau sai ya zama kamar fili.

Gidajen nan na mutane ne, ba gidan tarihi ba. A yi sallama, a gaida dattawan da ke zaure, a nemi izini kafin hoto, kuma namiji kada ya wuce zaure sai mai gida ya ce ya shigo. Jagora ɗan unguwa ya zama dole a Birni, saboda lungunan na ɓatar da baƙo, kuma shi ya san gidan da ke maraba da masu kallo. A daidaita goronsa tun kafin a ɗaga ƙafa. Zango tafiyar kabu-kabu ce daga Birni, can kuma ake nuna gidan Malam Yaro, attajirin da ya yi suna a fatauci a ƙarshen ƙarni na 19. Alhamis ce babbar ranar kasuwa, ranar da za a sami aikin dukawa da alkakin tsaraba. Mai kwana uku ya leƙa Mirya, kilomita ƙasa da ashirin gabas, garin tukwane, ranar Lahadi.

Abu ɗaya da mutumin Maraɗi kan manta: Damagaram gari ne mai ƙarancin ruwa tun fil azal, da bazara kuma famfo na iya ɗaukewa. Kafin ka biya kuɗin masauki ka tambaya ko akwai ruwa a ajiye. In gidan dangi za ka sauka da yara shida, ka san nauyin da ka ɗora musu.

Kuɗi da lokacin shekara

Zagayen Maraɗi da Tsibiri ƴan jikkuna ne: adaidaita, motar Tsibiri, goron dogarai da mai bayani, abincin rana. Na Damagaram ya ninka haka sau da yawa, tunda akwai kuɗin mota zuwa da dawowa na kowane kai, masaukin kwana ɗaya ko biyu, abinci, jagora da tsaraba. A duka biyun a tanadi canji, su dala ashirin da dala ɗari da jikka-jikka. Wanda ya fito da takardar jikka goma a ƙofar fada ko dai ya ba da abin da bai yi niyya ba, ko ya tsaya neman canji ana kallonsa. Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa, domin a fada da masallaci za a cire shi sau da yawa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi dacewa da ko'ina, sai dai ranar da hazo ya sauka hoto ba ya fita. Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, duwatsun Birni kuma suna riƙe shi har dare, don haka tsoho da ƙaramin yaro kada a kai su a lokacin. Damana ta raba su biyun sarai. A watan Agusta Maraɗi ta fi ba da labarinta, saboda Gulbi na gudu, fadama ta yi kore, mai kallo daga tudu na ganin abin da ya kori gari da idonsa, in dai an hana yara sauka bakin ruwa. A Birni kuwa lokacin ne lunguna ke caɓewa, tsofaffin bangaye ke jiƙa suna zubewa. Da Salla dukkansu suna hawa, da dawaki da algaita da kakaki, amma ranar ba ranar bayani ba ce, babu dattijon fada da zai sami sukunin zama da kai. Wanda ke son kallo ya zo da Salla, wanda ke son fahimta ya zo mako biyu bayanta.

Batun Katsina

Katsina ta fi Damagaram kusa ƙwarai, kilomita kamar 90 ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma ga Bamaraɗe ita ce mafarin labarin. Can Gidan Korau yake, wato fadar Sarkin Katsina, da hasumiyar Gobarau ta ƙasa, da tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 wadda yanzu gidan tarihi ce, da kaburburan Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Wanda ya ji sunayen Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka a fadar Maraɗi, ya je ya tarar da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Ƴandaka, jikinsa zai ba shi cewa gida ɗaya ne aka raba. Sai dai iyaka ce ake ƙetarawa: takardu, canjin kuɗi zuwa naira, shingaye masu yawa, da yankin Jibiya da tsaronsa ke canzawa daga mako zuwa mako. Babban mutum da ya saba hanyar zai iya, bayan ya tambayi direbobin tasha a ranar, ya kuma tabbata ya dawo kafin la'asar. Ayarin ɗalibai kuwa ba mu ga dalilin kai su ba a halin da ake ciki.

To wanne za a ɗauka? Baƙon wuni ɗaya, da tsoho, da ƴan firamare, Maraɗi da Tsibiri sun ishe su, da sharaɗin an nemo mai bayani tun jiya. Mai sha'awar gini, da magini, da mai ɗaukar hoto, da ɗaliban lise da suka karanta zuwan Turawa, Damagaram ce tasu. Wanda zai yi duka biyun ya fara da Maraɗi, don idan ido ya riga ya ƙoshi da sorayen Birni, kunne ba ya natsuwa ya saurari dattijo a filin Ɗan Kasawa.

Jerin kwanakin da ya fi zama daidai shi ne a yi fada da bakin tudu da kasuwa ranar Litinin, Talata a je Tsibiri lokacin da fada ba ta da hayaniyar ranar kasuwa, Laraba da safe a kama hanyar gabas a tsaya Tasawa a sayi kilishi, a shiga Birni bayan la'asar. Alhamis da sassafe a koma wa gidaje masu zane da fada, da hantsi a shiga kasuwa, da yamma a je Zango. Tikitin dawowa a saye shi tun ranar Laraba da aka sauka, na motar farko ta safiyar Juma'a, don a riski salla a Maraɗi.